Maniyyin da DNA ɗinsa ya riga ya karye, in aka daskarar da shi me zai saura?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Sati biyu da suka wuce aka tabbatar min ina da kansar kaluluwa wadda ake kira Hodgkin, likita yace nan da kwana tara za'a fara min kemo wato maganin kansar, kuma yace kafin nan inje in bada maniyyi a daskarar a ajiye saboda maganin yana iya taɓa haihuwa. Toh matsalar itace tun kafin wannan ciwon matata tayi ɓari sau biyu bayan 'yarmu ta fari, aka min gwajin nan na karyewar DNA wata takwas da suka wuce, ma'aunin karyewar da ake kira DFI ya fito kashi 34, sukace yayi yawa. Jiya na kasa bacci ina ta karance karance a waya sai naga wai daskarewa da narkarwa suna ƙara lalata shi. Yanzu abin da yake da rauni tun asali in aka sake sashi a ƙanƙara me zai rage? Ko wahalar banza zanyi?

Maman Sadiq:
Wa'alaikumus salam. Innalillahi, Allah ya baka lafiya Baban Ilham, Allah yasa kaffara ne. Kar ka yanke komai tukuna, bari Anti Ummu Nana ta shigo, aikinta kenan.

Abu Yusra:
Allah ya sawwaƙe ɗan uwa. Ni a ganina me zai hana ka jira? Naji ance jiki yana ƙera sabon maniyyi cikin wajen kwana 74, in ka samu wata uku kana shan magungunan ƙarin lafiya kana kiyaye zafi sai a ɗauki mai kyau a ajiye, ai yafi a ajiye lalatacce.

Ummu Nana:
Abu Yusra kwana 74 ɗin gaskiya ne amma shawarar bata dace da shi ba sam. Wanda bashi da wani ciwo shi ake cewa ya jira wata uku. Mutumin da aka sa masa ranar kemo ba'a ɗaga masa magani saboda maniyyi, kuma da zarar allurar farko ta shiga jiki toh abin da zai fito bayan nan ba'a so a ajiye shi, domin maganin kansa aikinsa kenan ya lalata DNA na ƙwayoyin da suke rarrabuwa da sauri, kuma masana'antar maniyyi tana cikinsu. Kwana taran nan sune damarsa.

Baban Ilham sannu, Allah ya baka lafiya. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin gwajin haihuwa, zan faɗa maka yadda abin yake ba ƙari ba ragi. Eh, daskarewa da narkarwa suna iya ƙara karyewar, kuma sunfi taɓa irin naka akan na wanda yake lafiya lau. Amma ka ajiye. Bari in maka bayanin dalili.

Baban Ilham:
Ngd Anti, ina saurare. Wallahi har hannuna rawa yake.

Ummu Nana:
Ka fara da sanin yadda ƙwayar maniyyi take. Kai ne da wuya da jela, kusan duk DNA ɗin yana cikin kan, kuma an naɗe shi tamau fiye da na kowace ƙwaya a jikin mutum. Lokacin da ake ƙera ta a cikin maraina jiki yana cire yawancin sunadaran da aka saba naɗe DNA akansu, histon, ya musanya da wasu ƙanana da ake kira furotamin, su kuma su ɗaure shi gam kamar ƙulullun zaren da aka ja sosai babu inda iska zata shiga. Wannan ɗaurin shine garkuwarta, don ita ƙwayar ta zubar da kusan duk ruwan cikinta don tayi sauƙin gudu, tare da shi ta zubar da kayan gyara. In zare ya tsinke a ciki bata iya ɗinke shi da kanta.

Toh a wajen maza da yawa masu DFI mai yawa ɗaurin nan ne bai yi ƙarfi ba, akwai wuraren da yayi sako-sako. Riƙe wannan.

Yanzu daskarewa. In ka fara sanyaya maniyyi ruwan da yake wajen ƙwayoyin shi yake fara zama ƙanƙara, gishirin ciki baya shiga ƙanƙara sai ya taru a ɗan ruwan da ya rage yayi kauri, sai ya dinga tsotso ruwan cikin ƙwayar tana motsewa. In an sanyaya a hankali da yawa ta daɗe a cikin ruwan gishirin nan ta wahala, in kuma anyi sauri da yawa ruwan cikinta bai samu ya fita ba sai ƙanƙara ta fito a cikinta kamar allurai ta yayyaga ta. Ka taɓa mantawa da kwalbar ruwa a firiza ka tarar ta tsage? Toh haka. Shi yasa muke zuba gilisarol, yana shiga cikin ƙwayar ya rage ƙanƙarar, muna ɗiga shi ne ɗigo ɗigo muna juya kwalbar a hankali don shi ma in aka antaya shi lokaci ɗaya yana gigita su. Daga nan a zuba a bututai, a jera su akan tururin naitirojin suyi sanyi, sannan a nutsa su cikin ruwan naitirojin ɗin, digiri 196 ƙasa da sifili.

Ranar narkarwa kuma duk abin nan sai ya juyo da baya, ruwa ya koma ciki da gudu ta kumbura. A wannan shiga da fitar fatar ƙwayar tana jin jiki, injinan da suke wuyanta masu bata ƙarfin gudu suma suna fashewa, sai su dinga zubo wasu sinadaran iskar oksijin masu ci kamar yadda tsatsa take cin ƙarfe. Su ne suke kaiwa ga DNA. Wanda ɗaurinsa yayi tamau basa samun ƙofa sosai, wanda yake da sako-sako ko ya riga ya tsage a gefe ɗaya nan suke shiga su ƙarasa.

Malam Na Dabbobi:
Hajiya kin tuna min abubuwa. Ni ɓangaren dabbobi nake, muna yiwa shanu barbara da maniyyin da aka daskarar. Abin da kika faɗa muna ganinsa ƙiri-ƙiri, bijimi biyu jinsi ɗaya shekaru ɗaya, na wannan ya fito daga ƙanƙara yana ta gudu na wancan ya fito rabi a mace, alhali hanya ɗaya aka bi. Na alade ma gaba ɗaya baya jure sanyi kamar na bijimi. Kuma asalin abin ma daga dabbobi ya faro, a 1949 ne a Landan Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes suka gano gilisarol yana kare maniyyin zakara daga sanyi.

Ummu Nana:
Haka ne Malam. Bayan shekara huɗu, 1953, a jihar Iowa ta Amurka Bunge da Sherman suka bada rahoton mata sun ɗauki ciki da maniyyin ɗan adam da aka daskarar, lokacin ma busasshiyar ƙanƙara suke amfani da ita ba naitirojin ba. Kaga abu ne da yafi shekara saba'in ana yi, ba gwaji za'a yi a kanka ba Baban Ilham.

Akan maganar masu rauni sunfi shan wahala, akwai aikin da aka yi a Belfast aka buga a 2001, suka gwada na maza masu haihuwa da na masu matsalar haihuwa kafin daskarewa da bayanta, na masu matsalar ne DNA ɗinsu yafi lalacewa, kuma suka lura ruwan maniyyin kansa yana bada kariya, wato wanda aka daskarar cikin ruwansa yafi wanda aka wanke tas tsira. Amma in faɗi gaskiya ba duk bincike ne ya samu abu ɗaya ba, akwai waɗanda suka auna basu ga ƙari mai yawa ba, ya danganta da irin gwajin da aka yi da yadda aka daskarar da kuma su waye aka gwada. Abin da kowa ya yarda dashi shine motsi yana raguwa, sau da yawa wajen rabin masu motsi ake rasawa.

Baban Ilham:
Toh Anti in nawa 34 ne kenan zai iya komawa 50 ko 60?

Ummu Nana:
Ba wanda zai baka lamba daga nesa, duk wanda ya baka ƙarya yake. Zai iya hawa kaɗan zai iya hawa da ɗan dama. Amma ka gane me lambar take nufi, kashi 34 yana nufin cikin ɗari 34 ne suke da karaya, 66 basu da ita a ma'aunin gwajin. Kuma gwajin yana ƙirga har da matattu, su kuma matattu DNA ɗinsu dama wargajewa yake, toh wani ɓangare na hawan da ake gani bayan narkarwa na waɗanda sanyi ya kashe ne, waɗanda mu dama ba zamu taɓa ɗauka ba. Bayan narkarwa muna tace su ne, ko mu barsu su yi iyo su hau sama da kansu mu kwashi na saman, kuma masu iyo da ƙarfi galibi sunfi lafiyar DNA akan taron gaba ɗaya.

Sannan akwai ICSI, tun 1992 da aka fara shi a Brussels, ƙwaya ɗaya tak ake ɗauka da allura a saka cikin ƙwan mace. In matarka ta bada ƙwai goma, goma muke nema, ba miliyan ba. Iyakar abin da ba zan ɓoye maka ba shine ido baya ganin karyewar DNA, ƙwaya zata iya yin kyau tana gudu alhali ciki akwai tsagewa, kuma duk wadda aka yiwa gwajin ta mutu ba'a amfani da ita. Shi yasa muke cewa mun rage haɗari, bama cewa mun kawar.

Ɗan Autan Mama:
Ni tsoro na ɗaya, kar azo a haifi yaro da nakasa. In DNA ya lalace ba shine yake kawo irin su sikila ba?

Ummu Nana:
A'a ƙanina abu biyu ne daban, kuma mutane da yawa suna haɗa su. Sikila harafi ne ya canza a cikin rubutun gado, mutum ya gaje shi daga iyaye, sanyi baya sa shi baya cire shi, mai AS in aka daskarar da nasa shekara ashirin yana nan yadda yake, rabin ƙwayoyin suna ɗauke da S. Karyewa kuwa takardar ce ta yage, ba rubutun ne ya canza ba. Kuma Allah da ikonsa ƙwan mace yana da kayan ɗinki, bayan sun haɗu shi yake gyara abin da zai iya gyarawa na uban. In yagewar kaɗan ce ya ɗinke a wuce, in tayi yawa abin da aka fi gani shine ɗan tayin ya tsaya da girma, sau da yawa bayan kwana na uku lokacin da gadon uba yake fara aiki sosai, ko ciki ya shiga ya zube da wuri. Yaran da aka haifa da maniyyin da aka daskarar ba'a ga sunfi sauran yara nakasa ba.

Baban Ilham shekarun madam nawa? Don ƙarfin gyaran nan yana raguwa da shekarun mace.

Baban Ilham:
28 ne Anti. Ni kuma 35.

Ummu Nana:
Alhamdulillah wannan yana gefenku sosai.

Maman Sadiq:
Bari in faɗi abin da ya same mu ko wani zai amfana, don har yau in na tuna raina ɓaci yake. Maigidana nasa dama kaɗan ne kuma masu rauni, da zai yi doguwar tafiyar aiki muka ajiye a wani waje, ba wanda ya mana bayanin komai, ashe duk a kwalba ɗaya suka zuba. Zagayen farko na neman cikin suka narkar da ita gaba ɗaya suka ɗebi abin da zasu ɗiba suka mayar da sauran cikin sanyi. Bai yi ba. Da muka dawo zagaye na biyu ma'aikaciyar ta kira ni ta juyo min da allon kwamfutar, wallahi Baban Ilham kamar an watsa tsinken tsintsiya a ƙasa, duk a kwance, sai can gefe guda ɗaya tana ɗan kaɗa jela a waje ɗaya bata gaba bata baya. Ta fi awa tana nema kafin ta tara guda shida. Na fito na zauna a mota na kasa tada ita. Sai da ya dawo aka sake ɗauka sabo sannan Allah ya bamu Sadiq. Don haka dan Allah ka buɗe baki ka tambaya bututu nawa zasu raba maka, kar kaji kunya.

Ummu Nana:
Sannu Maman Sadiq, wannan kuskure ne da bai kamata ya faru ba musamman ga mai ƙarancin ƙwayoyi. Kowane zagaye na daskarewa da narkarwa sabon duka ne, wanda ya tsira da ƙyar a na farko shi na biyu yake kayarwa. Ana iya sake daskarewa in babu yadda za'a yi, amma ba'a tsara aiki akan haka.

Abu Yusra:
Na janye maganar jira, ban san kemo yana shafar abin tun daga farko ba. Amma ina da tambaya, in ya shekara biyar ko goma a ajiye ba zai ƙara lalacewa ba? Kuma in wuta ta ɗauke fa?

Malam Na Dabbobi:
Tulun naitirojin baya amfani da wuta Abu Yusra, kamar babban filas ne, abin da yake buƙata a dinga ƙara masa ruwan naitirojin kafin ya ƙone. Inda ake ɓarna shine wajen buɗewa. Yaran da nake koyawa kullum faɗan da nake musu kenan, in zaka ɗauki bututu ɗaya kar ka ɗago gwangwanin sama da wuyan tulun inda farin raɓar nan yake tsayawa, ka sa hantsaki ka zaro naka cikin daƙiƙu kaɗan ka mayar da sauran, don duk ɗagowa suna ɗan ɗumama su koma, ƙanƙarar ciki tana sake haɗuwa tana girma, baka gani da ido sai ranar da ka narkar. Wanda ka zaro kuma kai tsaye cikin ruwa mai ɗumin jiki, wajen digiri 35 zuwa 37, rabin minti, ba'a barinsa akan tebur ya narke da kansa.

Ummu Nana:
Malam ya gama magana. A digiri 196 ƙasa da sifili kusan komai na rayuwa a tsaye yake, tsatsar da na faɗa ma bata aiki. Ɓarnar a ƙofar shiga take da ƙofar fita, ba a zaman ba. An haifi yara lafiya da maniyyin da ya haura shekara ashirin a ajiye. Amma tambayarka tana da muhimmanci ta wani gefen, a 2018 tankuna sun samu matsala a cibiyoyi biyu a Amurka aka yi asarar ƙwai da 'yan tayi masu yawa, don haka ba laifi bane mutum ya tambaya ko tankinsu yana da ƙararrawa, waye yake duba shi ranar hutu.

Baban Ilham:
Anti toh a kwana taran nan, yanzu ma saura takwas, me zanyi takamaimai?

Ummu Nana:
Gobe da safe ka je wajen da ake ajiye maniyyin, kar ka bari sai jibi, don zasu fara maka gwajin jini na HIV da ciwon hanta kafin su karɓa kuma akwai takardun amincewa da zaka cike. Ka nemi ka bada sau uku in hali yayi, tsakaninsu kwana ɗaya ko biyu. Nasan an saba cewa a ƙaurace kwana 2 zuwa 7 kafin gwaji kamar yadda littafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya tsara, amma ga mai DFI mai yawa gajeren jira yafi, don duk daɗewar da ƙwayoyin suka yi a ma'ajiyarsu suna jiran fita tsatsar nan tana cinsu. Yawan zai ɗan ragu amma ingancin yafi. Ka bada a can wajen ba a gida ba, don kar ya daɗe a hanya, karyewar tana ƙaruwa in ya zauna awanni kafin a daskarar. Kace a raba maka bututai ƙanana da yawa. Kace a ware ɗan kaɗan a narkar a gwada a rubuta maka sakamakon, shi zai nuna yadda naka yake jure sanyi, ba na littafi ba.

Kana zazzaɓi ko gumin dare? Kana shan sigari?

Baban Ilham:
Sigari na bari shekara uku kenan. Zazzaɓi kam ina yi jefi jefi tun wata biyu, gumi kuma har sai na canza riga cikin dare.

Ummu Nana:
Toh kar ka firgita in sakamakon gobe yafi na da muni, zazzaɓi da ciwon kansa suna taɓa maniyyi tun kafin magani, muna gani a masu Hodgkin da masu kansar maraina. Ko yaya ya fito a ajiye. Kuma ka tambayi likitanka wane haɗin magani zai baka, in ABVD ne yawancin maza haihuwarsu tana dawowa bayan wani lokaci, in BEACOPP ne yafi tsanani sosai. Ko da mai sauƙin ne ka ajiye, don wani lokaci ana farawa da wannan daga baya a ga dole a canza zuwa mai ƙarfi, lokacin kuma dama ta wuce. Haka kuma ku kiyaye ɗaukar ciki lokacin magani da bayansa har sai likita ya baku izini. In ka warke in sha Allahu ka sa a duba maka kumburin jijiyoyin maraina, yana cikin manyan abubuwan da suke hawar da DFI kuma ana gyara shi, ƙila ma shine tushen 34 ɗin nan.

Maman Sadiq:
Kuma ka tafi da madam a yi bayanin a gabanta, kar ka ɗauki abin kai kaɗai.

Baban Ilham:
Salam 'yan uwa, na dawo da bayani. Munje tare da ita kamar yadda Maman Sadiq tace. Na bada sau biyu, na farko aka raba bututu biyar na biyu huɗu. Masu motsi kafin daskarewa kashi 38, wanda suka narkar na gwaji ya dawo 17. Da naji 17 gabana ya faɗi amma ma'aikacin ya kira ni ya nuna min a madubin, na gansu da idona suna ratsawa ta tsakanin waɗanda suka kwanta, wasu har da sauri, yace don ICSI wannan ya isa har ya yi yawa. DFI ɗin sai sati mai zuwa zai fito. Likita yace ABVD ne. Anti na uku ya kama ranar Laraba da safe, kemo kuma Alhamis, ba matsala ko yayi kusa da yawa?

Ummu Nana:
Ba matsala ko kaɗan, indai kafin allurar farko ne. Ka tabbatar dai ba'a baka wani maganin kansar ba kafin ka bada, in an baka wani abu ka faɗa musu sunansa. Na Larabar kace a raba shi ƙanana fiye da na baya tunda kaga yadda yake fitowa, kuma ka karɓi takardar da take nuna adadin bututan da lambar tankin ka baiwa madam ta adana. Allah ya baka lafiya, ka dinga leƙo mu in ka samu ƙarfi.